Na maida matakan ƙafar mashin ɗina gaba, ga yadda abin yake

Duk mai dogayen ƙafafu da ya taɓa hawa Iron 883 ya san inda take ciwo. Harley-Davidson sun fito da ita a 2009, matakan ƙafarta a tsakiya suke, daidai ƙarƙashin gwiwa, wanda ga mai matsakaicin tsawo ba laifi, amma irinmu da Allah ya ba tsawo sai ka ganka a takure gwiwa na neman taɓa tanki. A cikin Jidda ba wani abu bane, daga Karantina zuwa bakin teku kafin ciwon ya taso ka isa. Amma ka ɗau hanyar Madina, sama da kilomita 400 miƙe santal, wallahi tun kafin Rabigh gwiwa ta fara kuka, kana ta miƙe ƙafa a iska ɗaya bayan ɗaya. Shi yasa na sayi saitin matakan gaba, kuma ba na talaka ba, wanda aka ƙara ma tsawo saboda dogaye.

Mutane na ɗauka cire ƙarfe ne kawai a ɗaura wani, a'a fa. Matakin hagu da giya yake tafiya, na dama da birkin baya, to in ka tura su gaba dole sandar giya ta canza zuwa doguwa, ta birki ma haka. A wasu mashinan har tukunyar man birkin sai ta bar wajenta, kaga kenan sai an zuba sabon mai an fitar da iska. Nan ne nake roƙon ƴan uwa ku duba murfin tukunyar ku karanta, tsofaffin Harley man birki nau'in DOT 5 suke sha, na baya bayan nan DOT 4, kuma ba a haɗa su ko kaɗan. Sannan yawancin notinan Harley da inci ake auna su ba milimita ba, in ka sa sifanar mashin ɗin Japan ka matsa da ƙarfi sai kan notin ya sule ka shiga uku.

Ni a wata warsha a Sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, muka yi aikin, wajen wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka da ya daɗe yana gyaran manyan mashina. Kafin ya taɓa komai sai yace, "Ɗana hau ka zauna, ka miƙe ƙafa kaman kana tafiya." Na hau, ya jera katako a inda matakin zai zauna, ya tsuguna yana kallon gwiwata. Nace, "Baba ai gara ta miƙe sosai in huta." Yace in ƙafa ta miƙe sambal to da me zaka taka birki? Dole gwiwa ta ɗan rage lanƙwasa, ta yadda ko ka zame baya a kujera ƙafarka na kaiwa birki da ƙarfinta. Wannan maganar tafi duk abinda masu sayar da kayan ke rubutawa amfani, don su dai inci nawa aka ƙara kawai suke faɗa maka.

Ya shafa Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, a kowane noti saboda injin nan girgiza gareshi, ya ɗaure da sifana mai awo kaman yadda littafin mashin ya ce, ya daidaita tsayin giyar har takalmina ke shiga ƙarƙashinta ba tare da na ɗaga cinya ba. Ya kuma tabbatar birkin na komawa da kansa kuma fitilar baya na kamawa, don in sandar ta cika matsewa birki zai riƙa kama taya a hankali yana zafi kai baka sani ba.

Gwiwa kam ta huta, alhamdulillahi, wannan ba ƙarya. Amma akwai abinda aka karɓe min. Da in na hango rami ko tudun rage gudu, kuma kun san yawansu a unguwanninmu, sai in ɗan taka in ɗaga jiki ƙafafu su shanye dukan. Yanzu ƙafa na can gaba, ba halin tashi, duk nauyin ya koma kan kwankwaso, ga shi shok ɗin bayan Iron ko inci 2 bai kai ba wajen motsi, duka ɗaya zaka ji shi har tsakiyar baya. Kuma tunda hannun mashin yana ƙasa sai jiki ya naɗe, hannu gaba ƙafa gaba, iska na tura ƙirji baya. Sai da na sa kujera mai tudu a baya da ke tallafe kugu, na ɗan jawo hannun mashin kusa, sannan abin ya zauna. Wanda zai yi aikin nan ya sa kuɗin kujera a lissafi tun farko.

A hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if ma na ga bambanci, kwana kan kwana ga birai a bakin hanya, diddige na saurin gogar kwalta in ka kwantar da mashin, kuma baka iya matse tanki da gwiwa kaman da. Dole ka rage gudu tun kafin kwanar.

Wanda bai sayi mashin ba tukuna ya duba Vulcan S ta Kawasaki, tun 2015 suka yi ta da wajen ɗaura mataki guda 3, ka matsar gaba ko baya da inci 1, sandar giya kawai zaka canza. Wanda kuma yawonsa duk cikin gari ne, ko yana aikin kai saƙo yana tsayawa a kowace danja, ni dai shawarata ya bar matakansa a tsakiya. Na gaba na mai doguwar ƙafa ne da doguwar hanya, shi ma ya fara hawa na wani abokinsa ya zaga unguwa ya taka birki da gaske kafin ya fidda riyal ɗinsa.