Likitan sa barci mai zaman kansa tsakanin Legas da Kano

Tun da na baro Legas na dawo Kano ina aikin sa majinyata barci lokacin tiyata, na ga yadda kasuwar ta bambanta. A Legas asibitocin kuɗi suna da yawa, kuma da dama ba sa ɗaukar likitan sa barci na dindindin, sai dai su kira shi idan tiyata ta taso, su biya shi kan kowane aiki. A Kano buƙatar tana nan, musamman tiyatar haihuwa, amma ladan bai kai ba, domin yawancin majinyata daga aljihunsu suke biya. A ƙananan garuruwa kuwa, ma'aikatan jinya da aka horar ne ke riƙe da aikin.