Yadda Muka Gina Makarantar Garinmu da Abin da Aikin Ya Koya Mini

Lokacin da aka naɗa ni sakataren kwamitin gina sabuwar makarantar firamare ta garinmu, na ɗauka tara kuɗi ne kaɗai babban aikin da ke gabanmu. Tsohuwar makarantar ta cika ta batse, yara suna zaune a ƙasa har bakin ƙofa, kuma babu mai musun cewa ana bukatar wata. Ranar taron neman gudummawa mutane suka yi ta miƙewa suna ɗaukar alkawari, ni kuma ina rubutawa. Da muka haɗa alkawuran muka ga za su ishe mu ajujuwa 9, sai muka sa aka tona harsashin ajujuwa 9 gaba ɗaya.

A nan muka yi kuskurenmu mafi girma, domin mun lissafa abin da aka faɗa da baki kamar ya riga ya shiga asusu. Wasu sun cika alkawari, wasu sun kawo rabi, wasu kuma hali ya sauya musu, kuma ban taɓa zargin ko ɗaya daga cikinsu da mugun nufi ba. Kafin mu ankara siminti da rodi sun tashi, gini ya kai linta, kuɗi suka ƙare, damina kuma ta sauka a kan bangon da ba shi da rufi. Na yi watanni ina wucewa ta wurin ina ganin ciyawa ta fito a cikin ɗakunan da muka yi wa iyaye alkawari, raina yana ɓaci.

Wani injiniya da ya yi ritaya ne ya dawo da mu kan hanya. Abu na farko da ya nema shi ne takardar kiyasi wadda ta jera kowane kaya da yawansa, sai muka ga ashe bulo da kwano kawai muka ƙidaya. Ba mu sa ban-ɗaki ba, ba mu sa ruwa ba, balle kujeru da alluna da ofishin shugaban makaranta. Ya nuna mana ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009, wadda ta ce a tanadi ban-ɗaki ɗaya ga kowaɗanne 'yan mata 25, ɗaya kuma haɗe da wurin fitsari ga kowaɗanne yara maza 50. Sannan ya sa muka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan jimillar kiyasin saboda abin da ka iya tasowa. Ina tune da ranar da aka sauke sabon bulo, ya ɗauki guda ɗaya ya murje gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo masa a tafin hannu, ya ce a mayar da motar duka. Shi ne kuma ya hana birkiloli gaggawa, ya sa ana shayar da kankare ruwa har kwana 7, yana tuna mana cewa sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi.

Shawarar da ta fi yi mana wuya ita ce mu kammala ajujuwa 3 kacal tare da ban-ɗaki da ruwa, mu dakatar da sauran. An yi muhawara mai zafi, har wasu suna ganin hakan zubar da mutuncin kwamiti ne, amma ni na goyi bayanta, kuma har yau ina kan ra'ayina, domin ɗakin da ba a rufa ba babu yaron da zai koyi ko baƙi ɗaya a cikinsa.

Mun kuma gyara yadda muke riƙe kuɗi. Ba a fitar da komai daga asusu sai mutum 3 sun sa hannu, ɗan kwangila ba ya karɓar kuɗi sai injiniya ya duba matakin da ya kammala, kuma mun riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗinsa har wata 6 bayan miƙa aiki, don ya gyara duk abin da ya ɓaci. Kowane ƙarshen wata nakan rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita in manna a bakin wurin ginin. Wata tsohuwa ta taɓa sa jikanta ya karanta mata takardar, da ta ji an ambaci ɗan abin da ta bayar, washegari ta dawo da ƙari. Daga nan ne gudummawar da ta tsaya ta ci gaba da shigowa.

Abin da muka makara a kansa shi ne zuwa wurin hukumar ilimi. Da mun je tun kafin a tona harsashi, da an duba takardar fili da zanen ginin, an kuma sa mu cikin lissafin rabon malamai da wuri. Saboda wannan jinkiri, ajujuwan sun yi zango guda a kulle bayan an gama fenti. Yanzu yara suna karatu a cikinsu, mun rufa aji na huɗu, kuma mun amince a rubuce cewa ba za a taɓa na biyar ba sai kuɗinsa sun cika a asusu har na ƙofa da kujeru.