Juma'a a kasuwa: korosol da ƙullin ganyensa

Maraɗi, Juma'a, bayan isha'i.

Yau da hantsi a babbar kasuwa wani mai kayan marmari ya jera korosol guda shida tsakanin abarba da ayaba, uku sun riga sun fara baƙi a gindi saboda wahalar hanya. A gefen tebur ga busasshen ganyensa an ƙulla a leda, kuma a kan ganyen mutane suka fi tsayawa. Wata dattijuwa ta ɗauki ƙulli biyu ta ce, "Ɗana, wannan ne aka ce yana maganin ciwon daji?" Ya ce, "Shi ne, Inna, a dafa a sha safe da yamma." Ƙanwarta ce ke da ƙullutu a nono tun kafin azumi. Maganar nan ta tsaya mini a rai har yanzu.

Korosol ɗan'uwan gwandar daji ne da muka sani a karkara, sai dai shi asalinsa daga yankin Amurka mai zafi da ruwa yake. Bai son busasshiyar iskar hunturu, shi ya sa wanda ke iso mu daga kudu ake kawo shi. Kore ne mai ƙayoyi masu taushi, cikinsa fari sol, da zaƙi da ɗan tsami. A giram 100 na naman akwai kalori 66, sukari wajen giram 13, harza mai gyara ciki giram 3 da ɗoriya, bitamin C miligiram 20, da potasiyom miligiram 278. Yana taimakon mai fama da bushewar ciki, yana kuma daɗi ga marar lafiyar da bakinsa ya ƙi abinci. To amma kada a kai shi inda bai kai ba. Lemun zaƙi ya ninka shi bitamin C fiye da sau biyu, gwaiba ta ninka shi wajen sau goma, kuma ga su nan da araha a kowace kwana.

Wurin saye, a duba wanda korensa ya fara dishewa zuwa ɗorawa-ɗorawa, ƙayoyin sun buɗe sun yi nesa da juna. Wanda aka tsinka bai ƙosa ba zai yi laushi, amma ba zai taɓa zaƙi ba. Mai tauri a ajiye shi a inuwa cikin ɗaki kwana uku zuwa biyar, har ya riƙa lotsawa idan an danna da yatsa. Kada a sa ɗanye a firigo. Sanyi na ƙona fatar ta yi baƙi, cikin ya ƙi nuna. Idan ya nuna kuwa ba ya jira, a zafin Maraɗi kwana ɗaya ya isa ya fara tsamin lalacewa. Sai a sha a ranar, ko a cire naman a daskarar.

Gyaransa na son haƙuri. A wanke, a raba shi biyu ta tsawo, a cire zuciyar tsakiya, a kwashe naman da cokali ba tare da an kankaro fatar ba, don tana da ɗaci. Sannan a zauna a tsince baƙaƙen 'ya'yan ciki ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kowane ɗa yana lulluɓe cikin 'yar jakarsa ta nama, sai an matsa yake sulluɓowa, kuma babban korosol na iya ƙunsar gommai. A nan masu haɗa lemo don sayarwa suke kuskure: su zuba duka a injin markaɗe su ce ai za a tace. Da zarar ɗan ya fashe, dafinsa ya shiga ruwan, rariya ba ta tare shi. Waɗannan 'ya'yan ne ake dakawa a wasu ƙasashe a kashe ƙwarƙwata da ƙwarin gona, kuma garinsu in ya shiga ido yana ƙona shi. Bayan an tsince, kofi ɗaya na nama a ruwa kofi biyu ya wadatar, a matsa rabin lemun tsami don kada ya rine ya yi ja. Sukari ba dole ba ne.

Dafin nan sunansa anonasin, kuma ba a 'ya'yan kaɗai yake ba, akwai shi a ganye da naman ma. Yana toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke samar da ƙarfinsu, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa su ne suka fi kasa jurewa. A tsibirin Gwadalup na ƙasar Faransa, inda ake shan korosol da shayin ganyensa tun yarinta, likitoci sun wallafa bincike a 1999 kan mutum 87 masu ciwon makyarkyata da sandarewar jiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da cutar Parkinson da aka saba gani. Sauran wani nau'i ne mai tsanani, mai sa yawan faɗuwa da rikicewar tunani, wanda levodopa, maganin da ake ba masu Parkinson, ba ya yi masa aiki sosai, kuma galibinsu masu yawan shan wannan itace ne. A 2005 aka auna: matsakaicin korosol ɗaya na da wajen miligiram 15 na anonasin, gwangwanin lemonsa na kanti miligiram 36, kofin shayin ganye miligiram 0.14. Shayin ya fi ƙaranci a kofi guda, amma shi ne ake mayarwa na kullum, wata da watanni, ga wasu sinadaran da ke cikinsa masu taɓa jijiya. Abin da ake tsoro shi ne tarin shekaru. Wanda ya sha kofi ɗaya yau, ya sake bayan mako biyu ko wata, ba shi ake magana ba.

Batun ciwon daji kuwa, ga inda labarin ya samo tushe. An zuba ruwan ganyen a kan ƙwayoyin cutar a cikin kwalabar gwaji, sun mutu. An gwada a ɓeraye, an ga alama. Guba ce, dole ta kashe ƙwaya a kwalaba, mai ciwo da mai lafiya. Ba a taɓa nuna cewa ta warkar da mutum ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne lokacin da ake ɓatawa. Ƙullutun nono da aka kai likita yana kamar gyaɗa ana iya cire shi, mace ta rayu ta aurar da jikokinta. Wata shida na shan ganye sun isa ya kai hammata. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, kuma hanyar zuwa can daga gidan likita mafi kusa take farawa.

Akwai waɗanda ya kamata su yi nesa da ganyen gaba ɗaya: mai ciki, mai shayarwa, ƙananan yara, da duk wanda hannunsa ya fara rawa ko aka ce yana da Parkinson. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari shi ma ya kiyaye, domin gwaji a dabbobi ya nuna ganyen na saukar da duka biyun. In ya haɗu da ƙwayar likita sai jiri, gumi mai sanyi, wani lokaci suma. Mai ciwon ƙoda da aka hana ayaba saboda potasiyom, hanin ya shafi korosol. Mai ciwon sukari in zai sha naman, rabin kofi bayan abinci, ba a tace ba.

Kafin dattijuwar ta bar tebur na matsa na gaishe ta, na ce, "Inna, don Allah ranar Litinin ki kai ƙanwar nan a duba ta, ganyen nan ba ya narkar da ƙullutu." Ta yi shiru tana juya ledar a hannu, ta ce tsoron wuƙa suke yi. Ta mayar da ƙulli ɗaya kan tebur, ta ɗaure ɗayan a bakin zanenta ta tafi.