Ba na yanka bayan la'asar

A shagona da ke Fagge, almakashi yana hutawa da an yi la'asar. Yara na iya hawa keke su yi ta harhaɗa ɗinki har isha'i, su yi guga, su sa maɓalli. Amma yanka sai da safe, kuma ni nake yi da hannuna.

Tun ina yaron shago na koyi wannan. Goman ƙarshe ta azumi ce, na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Maigidana ya tafi asham, ya bar mini shaddar wani Alhaji, Getzner fara sol, yadi goma. Na buɗe littafin awo, idona ya tsallake layi, na ɗauki tsawon wani gajeren mutum na zana da alli na datse. Da ya dawo ya ɗaga rigar, ya dube ni, ko tsawa bai yi ba. Cewa ya yi, "Yaro, barci ne ya yi wannan yankan. Je ka kwanta." Washegari shi ya shiga Kantin Kwari ya sayo wata da kuɗinsa. Allah ya jiƙansa.

Gajiya ba a hannu kaɗai take tsayawa ba, har baki tana kamawa. Mutum ya zo maka saura kwana uku Sallah, ga kaya kala biyar, ga ciniki kamar zai sayi tumatir, kai kuma jiki ya mutu, sai ka ji ka ce "to" don dai ya tafi. Yanzu nakan ce, "Alhaji, yi haƙuri, dawo da safe mu yi magana." Da azumi ma daga sallar asuba nake kama yanka, tun sahur bai bar jiki ba.

Wasu kan ce ai can gaba an fi arha. Su je mana! Masu karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsu, a kwana ana shayi da goro, ranar idi ka ga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuya ya karkace. Shayi yana buɗe ido, amma ba ya mayar da lissafi. Bayan Sallah nan suke kawo mini gyara.

Littafin ɗinkin Sallah ranar 15 ga azumi nake rufe shi.