Kwana biyu a bayan masu ganguna daga Dajia

Fim ne fa ya ja ni zuwa wannan tafiyar. Muna Taipei abokin karatuna ɗan ƙasar ya kunna min Din Tao, na 2012 wanda Fung Kai ya ba da umarni, labarin yaron da ya je birni neman zama mawaƙin zamani abin bai yiwu ba ya dawo ya karɓi ƙungiyar gangunan babansa, har suka zagaye tsibirin Taiwan a ƙafa da ganguna goye a baya. An gina shi ne kan wata ƙungiya ta gaske a Taichung mai suna Chio-Tian. Na ce masa ni dai sai na ga irin waɗannan masu ganguna da idona a tattakin bautar da ake tashi daga garin Dajia.

Da watan uku na kalandarsu ya kama muka hau jirgin ƙasa mai gudun nan, wajen awa ɗaya muna Taichung, muka canza zuwa ƙarami har Dajia. Daga wurin bautar Zhenlan ake ɗauko gunkin Mazu, wadda suke ɗauka mai tsare masunta da matafiyan teku, a kai ta Xingang a dawo, kwana 9, kilomita kusan 340 duk a ƙafa. Ni kwana biyu na yi ƙafata ta ce ta gaji.

Abin da fim bai nuna min ba shi ne hayaƙi. Nokawut ake zubawa a titi kamar shanyar barkono a cinna wuta, ido na ruwa kunne ya toshe, mutane sun yi layi sun durƙusa a kwalta don a wuce da gunkin ta samansu wai neman albarka. Ni kam gefe na koma, kallo ya kawo ni. Abinci kyauta ko'ina, tsofaffin mata har jan hannunka suke, sai dai ka tambaya saboda alade, ni na tsaya kan na ganye da wani biredin gwaza da garin ya yi suna da shi.

Su Ba Jia Jiang ne suka tsaya min a rai. Samari an zane musu fuska ja da baƙi da fari, mafici na gashin tsuntsu a hannu, suna wani taku a karkace, kuma da zarar an gama zanen ba sa magana, ba kuma a ratsa tsakiyarsu, na kusa yi abokina ya fizgo rigata. Shi ya gaya min cewa a gari raina su ake, ana ce musu 8+9 saboda lafazin lambobin a yarensu ya yi kama da sunan, ma'ana yaran da suka bar makaranta suka bi 'yan daba, na tuna yadda ake kallon 'yan tauri a wajenmu. Fim ɗin ya wanke su tas ya ƙare da su a dandali da fitilu ana tafi, ni kuwa a bakin hanya na ga wata tsohuwa ta haɗa hannu ta rusuna wa yaron da bai wuce jikanta ba.

Can da dare na ga wasu samarin a bayan wata motar kaya, sun goge fentin, suna zuƙar sigari suna danna waya, ɗaya ya cire takalmi yana duba bororon da ya fito masa a diddige.