Dan kudin da ya kusa hada mu fada a kwamitin makaranta

Jiya da yamma ina gyaran durowa na ci karo da wata leda cike da rasit, na siminti, na kwado, na yadi, har da wanda birkila ya dangwala yatsa a kai saboda bai iya sa hannu ba, sai kawai na zauna bakin gado ina dariya ni kadai. Takardun tallafin da makarantarmu ta samu ne a 2023. Karamar sakandare ce ta jeka-ka-dawo a wani kauye in ka bar Bauchi ka dauki hanyar Ningi, ba sai na kama suna ba.

Kudin fa ba wani abin a zo a gani ba ne, ko sabon Keke Napep ba za su saya ba. Wata kungiya ce ta bayar da sharadi daya, a kashe su kan yaran da aka bari a baya, kuma kwamitin SBMC ne zai zauna ya zabi aikin, ba shugaban makaranta shi kadai ba. Wanda bai san SBMC ba, kwamitin jama'ar gari ne mai sa ido kan makaranta, akwai mai unguwa, liman, iyaye, tsofaffin dalibai, mata, har da dalibai mace da namiji. Ni kujerar malamai nake kai.

Ranar zaman farko karkashin darbejiya, kafin ma a gama addu'a wasu sun riga sun kashe kudin a ransu. Baba mai unguwa yace fenti, a yi fenti da allon suna a bakin hanya, in baki sun zo su ga an yi aiki. Wani dattijo yace a'a, a sayo littafin rubutu a raba wa kowa bibbiyu, shi ne adalci, ba wanda zai ce an ware shi. Wallahi har na fara gyada kai, don maganar tana da dadin ji. Sai wata tsohuwa da ke tuyar kosai a bakin makaranta, Inna muke ce mata, ta gyara mayafi tace, "Ranka ya dade, fenti ne ya hana jikata zuwa? Ban-dakin 'yan matan nan ko kofa babu, maza na wucewa suna leke."

Wuri ya yi tsit. Nan na samu karfin bude rajistar ajina, dama na zo da ita amma kunya ta hana ni, na nuna musu 'yan matan aji biyu, kowane wata sai yarinya ta bace kwana uku hudu sannan ta dawo, wata daga nan shikenan, sai dai ka ganta da farantin talla ranar kasuwa. Ban fadi sunan abin ba, gaban iyaye ne, amma kowa ya gane. Malam liman ya dade kansa a kasa sannan yace ai tsafta cikon addini ce, a yi kofar. Mai daki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma wani yaro da shan inna ta taba wa kafafu, yana da keken guragu amma matakala uku ce a kofar ajinsu, kullum wansa ne ke cicibarsa ya shigar da shi, ran da wan bai zo ba to shi ma yana gida. Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, har da maganar gyara gine-ginen gwamnati yadda za su iya shiga, mu kam buhun siminti kadan ne tsakaninmu da bin dokar amma ba wanda ya taba kawo zancen. Littafi bibbiyun nan da an raba, shi ma zai samu nasa, ya ajiye a gida.

Ba wai ina raina manyan ayyuka ba ne. Dokar UBE, wato dokar ilimin bai-daya ta 2004, tace karatun firamare da karamar sakandare kyauta ne kuma dole, tana ware wa wannan karatun kashi 2 cikin 100 na kudin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason sannan ta karba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai, a 2023 aka kara dala miliyan 700 aka shigo da wasu jihohin ciki har da Bauchi da Gombe, kuma abin da ya fi burge ni a tsarinsa shi ne akwai kudin gyara da ake ba makaranta kai tsaye kwamiti ya rike. Don dan kwangilar da ya zo daga birni zai gina maka aji mai kyau, amma wa zai rubuta kwangilar kwado da buta da zanin canji?

Mu abin da muka yi kenan. Kofa da sakata, randar roba biyu, butoci, sai akwatin karfe a ofishina mai dauke da sabulu, zani, da audugar mata ta yadi wadda ake wankewa, wata tela a garin ta dinka mana bayan mun bata gwaji kusan biyar. Yarinya ba sai ta yi bayani ba, tace "Malama ina son makulli" kawai.

Wahala kam an sha. Kudin sun makara, kafin su shigo an cire tallafin mai a karshen Mayu, lissafin da muka yi duk ya rushe, kudin mota kadai ya ci rabonsa, sai samarin gari ne suka debo mana yashi kyauta a amalanke. Gangaren da muka yi wa yaron nan kuma na farko abin kunya ne, ya mike kamar hawan dutse, yana turawa keken ya dawo da shi baya da gudu, Allah ya sa wansa na tsaye. Fasawa aka yi aka sake, wannan karon shi yaron ne ya zauna yana cewa birkila a kara tsawo, a kara dai. Ga fom din rahoto shafi-shafi da Turanci, a kawo rasit na komai, mai sayar da randa a kasuwar kauye ina ya ga rasit?

Har yanzu ruwa ne matsalar, rijiyarmu tana kafewa da bazara, randa kuma ba ta cika kanta, yanzu karo-karo malamai mata muke yi muna biyan 'yan ga-ruwa. Asabar mai zuwa akwai zaman kwamiti, na ji kishin-kishin Baba mai unguwa zai sake tada maganar fenti, na riga na aika wa Inna kar ta kuskura ta ki zuwa.