Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Ciwon Girma Ne, Zai Wuce"

A makon jiya na tsaya ne a daidai inda ciwon gwiwata ta dama ya fara raba ni da filin ƙwallo, ina ɗan shekara 14. Yau zan ba da labarin yadda ta kaya tsakanina da ƙaramin asibitin da muke zuwa.

Mahaifiyata ce ta raka ni a zuwan farko. Likitan ya tarbe mu cikin mutunci, sai dai duk tambayoyinsa ita yake yi wa, ni kuwa ina zaune a bakin gado na naɗe ƙafar wandona har cinya, ina jiran a tambaye ni abin da nake ji. Ya latsa gwiwar, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta, sannan ya dubi mahaifiyata ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ciwon girma ne, zai wuce." Ya rubuta mini farasitamol, ya ce in huta.

Ban taɓa ganin mugunta a abin da ya yi ba, domin layin da ke bakin ƙofarsa ya isa ya sa kowa gaggawa. Amma maganar ta bi ni har gida da makaranta, ta zama hujjar da ake rufe mini baki da ita. Idan na ɗingisa wajen hawa bene sai a ce ai likita ya ce babu komai, idan na nemi izinin barin atisaye sai malamin wasanni ya ɗauka lalaci ne. Durƙusawa ta gagare ni, kuma da yake ba a gaya mini tsawon hutun ba, balle abin da zan yi a cikinsa, sai na daina komai, har cinyar ta yi rauni, abokan wasana kuma suka daina biyo mini.

Bayan watanni muka koma, muka tarar da wata likita daban, kuma ita ce mutum ta farko da ta fuskance ni da tambaya. "Samari, nuna mini wurin da yatsa ɗaya," in ji ta. Na ɗora yatsana a kan wani ɗan tudu da ya taso a ƙasan ƙoƙon gwiwa, tana dannawa na ɗauke numfashi. Ta tambaye ni ko ciwon yana tashe ni daga barci, ko ina zazzaɓi, ko na rame, ko gwiwar tana kumbura da zafi, domin waɗannan alamu ne da ke sa a zurfafa bincike. Ta kuma juya ƙuguna ta duba, ta ce akwai matsalar ƙugu da kan sami yara masu tasowa wadda a gwiwa ake fara jin ta.

Daga nan ta gaya mini sunan ciwon, wato Osgood-Schlatter, wanda likitoci biyu, Robert Osgood na Amurka da Carl Schlatter na Suwizalan, suka bayyana a 1903, kowa da aikinsa daban. Ta zana mini a takarda yadda jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa take manne da saman ƙashin ƙwauri, a wurin da bai gama ƙwari ba a jikin mai tasowa, ta yadda yawan gudu da tsalle ke jan wurin har ya yi tsami. Ta ce in rage gudu da tsalle na wani lokaci ba tare da na zauna wuri ɗaya ba, in riƙa auna zafin daga 0 zuwa 10 don in san lokacin da zan sassauta, sannan ta koya mini motsa jikin da ke ƙarfafa cinya da ƙugu, ta sa mini ranar dawowa. Ciwon bai ragu a ranar ba, amma na fita da abin da zan iya bayyana wa duk wanda ya yi shakka.

Da na girma na karanta wani bincike da aka yi a ƙasar Danmak aka wallafa a 2019, inda aka bi diddigin matasa 504 masu ciwon gwiwa, aka tarar kusan 40 cikin 100 suna fama da shi har bayan shekara biyar. Wannan ya sa har yau raina yake sosuwa idan na ji an sallami yaro da "zai wuce" alhali ba a tambaye shi komai ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka yi da malamin wasanni ranar da na kai masa takardar da likitar ta zana mini.